Bijimin da Aka Ɗaure Bayan Gida

Shekaranjiya a kasuwar dabbobi ta Gure, ina tsaye ina jiran ɗana ya gama cinikin tunkiya, sai wata saniya ta yi tari a bayana. Ba irin tarin da dabba ke yi in dusa ta sarƙe ta ba ne. Busasshe ne, gajere, daga can ciki, kuma bayansa ta yi ɗan nishi kamar mai jin ciwo a haƙarƙari. Ban waiga ba. Na dafa wani turke ina saurare. Shekara kusan hamsin ke nan da na fara jin irin wannan tari, kuma abin da na yi bayan na ji shi ne zan faɗa maka yau. Ban yi karatu mai zurfi ba, aji huɗu na yi a lakwal, makarantar boko, na dawo gona, saboda haka ka yi haƙuri da yadda maganar za ta zo.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gure da Bune, a gindin wani tudun yashi. Rijiya ɗaya gare mu, mai zurfi, wadda sai an ɗaura wa jaki ko sa igiya yake jawo wasaki, babban gugan fata. A bakinta akwai komi uku na itace, inda dabbobi ke sha. In ka zo da hantsi za ka iske shanu sun cushe, hanci na gugar hanci, ƙaho na bugun ƙaho, maza na ta ihu a kan wanda ya riga wani. Da azahar kuwa wurin yakan zama fayau, sai ƙudaje da ɗan ruwan da ya rage a gindin komi.

Abin ya faru shekara biyu ko uku bayan babban fari. Kafin farin muna da garke, bayansa shanu biyar suka rage mana, duka mata. Kowane gida haka yake. Wanda ya ga dabbobinsa sun zube ɗaya bayan ɗaya a kan hanya, ba ya ƙara kallon baƙuwar dabba da ido mai kyau. In wani ya sauka da garke a bayan gari, kafin a tambaye shi lafiyar iyali an tambaye shi daga ina, ta wace rijiya ya biyo, da shanun wa ya kwana. In ya amsa, a yi shiru, a koma gida a ce ƙarya yake.

Kakana, mahaifin Baba, shi ne ya san hanyoyin ciwo. Ba a takarda ya san su ba. Yakan zauna a zaure yana tufka igiya, yana lissafa mana su kamar mai ba da labarin fatake. Ya ce kowane ciwo yana da lokacinsa da ƙofar da yake shigowa. Ciwon baki da kofato yakan biyo shanun da ke dawowa daga kudu in damina ta faɗi. Ciwon saifa ba ya tafiya, a ƙasa yake kwance cikin wasu kwaruruka da ya sani, sai ruwan farko ya tashe shi. Shi kuwa ciwon huhu baƙon fatake ne, yana bin shanun kasuwa daga gabas da kudu, ya yi shiru a jikin dabba har sanyi ya shigo, shanu su taru a rijiya. Ya ce ciwo bai san iyaka ba, duwan, wato kwastan, ba ta taɓa tsayar da shi ta tambaye shi takarda ba. Mu nan muna cewa daga Ingila yake zuwa, haka tsofaffi ke kiran Najeriya. Ya ce shi da ya je Gashuwa da ƙuruciyarsa, ya ji mutanen can suna kiran ciwon nan ɗaya ciwon Faransa, wato namu na Nijar.

Saboda haka Kaka yana da doka ɗaya da ba ya sassautawa. Duk dabbar da aka sayo, sai ta yi kwana arba'in ɗaure ita kaɗai, da ƙwaryar ruwanta daban, kafin ta haɗa numfashi da sauran.

Kaka yana da aboki Bafillace mai jajayen shanu, muna kiransa Baffa. Kowace shekara in an gama girbi yakan gangaro daga wajen Alakos ya sauka a gonar Kaka. Shanunsa su ci kara su zubar mana da taki, shi kuma ya sha a rijiyarmu da sunan Kaka har sanyi ya wuce, sannan ya ƙetara kudu. Tun zamanin uban Baffa ake haka. Da yake mu Barebari ne ta wajen Kaka, gaisuwarsu ba ta tafiya sai da tsiya.

"Bawana ya iso," in ji Kaka. "Yunwa ta koro ka ke nan."

"Na zo duba kayana ne," in ji Baffa. "Na ga geron bana ya fi ka tsawo. Da kashin shanuna ya tashi, ka gode musu."

Matarsa takan kawo wa Inna nono da man shanu, ta koma da gero. Ni kuwa yakan ba ni kindirmo a ƙoƙo, ya ce in sha in yi ƙarfi tun da ubangidana ba ya ciyar da ni. Shanunsa duka suna da wani tabo a bisa karan hanci, wasu har ya yi tauri kamar ɗan ƙaho. Ban taɓa tambayar dalili ba.

A wannan shekara Baba ya ce ba za mu zauna da shanu biyar babu bijimi ba. Ya ƙetara kudu, ya sayo wani farin bijimi a wata kasuwa ta can. Bai biyo hanyar duwan ba, bai kuma kai shi an duba ba. Ta cikin daji ya jawo shi kwana uku. Ya ce wa mutane a Bune ya saye shi. Kaka bai ji daɗin wannan ƙarya ba, amma bai tona ɗansa ba. Ya zagaya bijimin, ya buɗe bakinsa, ya danna haƙarƙarinsa, ya ce a ɗaure shi a gindin aduwar da ke bayan gida. Sannan ya juyo gare ni. Ina da shekara goma sha uku a lokacin.

"Ruwansa a hannunka yake. Safe da yamma. Kada ƙafarsa ta taka bakin rijiya. In ka ji ya yi tari ko sau ɗaya, ka zo ka faɗa mini."

Na ce to.

Kwana uku na yi ina ɗauko tulu daga rijiya zuwa bayan gida. Bijimi ba akuya ba ne. Tulu huɗu ba su ishe shi, ga yashi ƙafa na nutsewa, ga tsarana sun tafi kwari kaɗo goruba. A rana ta huɗu na lura cewa da azahar manya suna masallaci, mata suna ɗaki, kuma akwai wata hanya ta bayan shinge da ke ɓullewa rijiya. Na kwance shi na ja igiyarsa har bakin rijiya. Ya sha abin da ya rage a komi, na ƙara masa da guga biyu, na mayar da shi. Ba wanda ya gani. Washegari na ƙara.

Akwai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, mijinta ya rasu, fari ya bar mata shanu biyu. Ba ta da mai tura su cikin cunkoson hantsi, saboda haka su kaɗai suke zuwa da rana su lashi gindin komi. Da su bijimin nan yake sa baki. Ina tsaye ina kallo suna shinshinar juna, har ina dariya.

Tarin kuwa na ji shi a cikin mako na biyu. Na makara, ina tsoron a fito daga masallaci, sai na ja shi da gudu muka hau tudu. Da muka kai aduwa ya tsaya, ya miƙa wuya ƙasa, ya ware ƙafafun gaba, ya yi tari sau biyu da wannan nishi. Sannan ya ci gaba da cin harawa kamar ba komai. Na tsaya ina tunani. In na faɗa wa Kaka, zai tambaye ni me ya sa shi gudu. In na ce gudu, zai ce daga ina. Na ce wa kaina ƙaiƙayi ne ya shiga masa. Ban ƙara kai shi rijiya ba, na koma ɗaukar tulu, ina jin kamar na gyara abin da na ɓata.

Saura kwana biyar arba'in ta cika, saniyar tsohuwar nan ta ƙi kiwo. Ta tsaya a inuwa, wuya miƙe, tana numfashi da kyar. Bayan kwana huɗu aka yanka ta. Mahauci ya fito da huhun, gefe ɗaya ya kumbura ya yi tauri, ga wani ruwa rawaya cike da ƙirji. Kaka ya duba, ya ce shi ne. Kafin mako ya zagayo, gida uku sun kamu.

Ban taɓa ganin gari ya canza da sauri haka ba. A bakin rijiya kowa ya riƙe shanunsa nesa, yana leƙen na ɗan'uwansa. Wanda dabbarsa ta yi atishawa sai ya yi maza ya kora ta bayan tudu. Aka fara tuna wanda ya je kasuwa a watan jiya, da wanda surukinsa ya kwana da raƙuma. An ambaci bijiminmu sau ɗaya a zauren mai gari. Baba ya ce a Bune ya saye shi, kuma kowa ya san dokar Kaka, dabbar nan ba ta taɓa ganin rijiya ba. Mutane suka je suka gan shi a gindin aduwa, fari fes, yana tuƙa. Aka bar maganar.

Sai idanu suka koma gonar Kaka, inda Baffa ya sauka. Shi ne mai ƙetara iyaka kowace shekara. Shi ne wanda aka ce ya yi damina kusa da garkunan da suka fito daga wajen Chadi. Abin da ya fi tsaya wa mutane a rai kuwa, shanunsa suna sha a komi ɗaya da namu, amma ko ɗaya ba ta kwanta ba. Mata suka daina sayen nonon matarsa. Inna ma ta karɓa wata rana, amma na ga ta zuba wa kare.

Baffa da kansa ya ƙara wa abin wuta, bai sani ba. Ranar da aka yanka saniya ta uku, ya je wurin mahauci ya roƙi yankin huhun mai ciwo, ya ƙunshe a ganye ya tafi da shi. Yara suka bi shi suka leƙa. Ya jiƙa shi a nono, bayan kwana biyu ya kayar da maruƙansa ɗaya ɗaya, ya tsaga fatar karan hancinsu da aska, ya cusa ɗan ƙaramin yanki a ciki. Wannan ne asalin tabon da ke hancin manyan. Haka iyayensa suke yi tun da, dabba ta yi ɗan kumburi ta warke, ciwon huhu ba ya ƙara kama ta. Tsofaffinmu sun san da haka sarai. Kaka ya faɗa a bainar jama'a, ya ce shi ya sa shanun mutumin ba su mutuwa. Amma wanda saniyarsa ke nishi a bayan ɗaki ba ya son jin bayani. Aka ce mutumin da ke ajiye ciwo a ƙwarya, shi ya san inda ya samo shi tun farko.

Mai gari ya aika Gure. Likitan dabbobi ya zo da mota, wani saurayi mutumin yamma, da akwatin allura da ƙaramin littafi. Ya duba marasa lafiya, ya yi wa masu lafiya allura, sannan aka kai shi gonar Kaka. Da ya ga maruƙan da hanci a kumbure, ransa ya ɓaci. Ya ce gwamnati ta hana wannan aiki. Bai ce Baffa ne ya kawo ciwon ba, ina wurin, na ji da kunnena. Ya ce ba shi da hanyar sanin wanda ya kawo. Amma mutane rabin farko kawai suka ɗauka suka tafi da shi.

Aka sa ranar zama a ƙofar mai gari bayan la'asar, a kan ko Baffa zai ci gaba da sha a rijiyar. Kafin Kaka ya fita, ya kira ni zaure. Mu biyu ne kawai. Ya ajiye igiyar da yake tufkawa.

"Zan je in tsaya wa mutumin nan. Amma ina so in tsaya a kan ƙasa mai ƙwari. Bijimin nan ya taɓa zuwa rijiya?"

"A'a, Kaka."

"Ka taɓa jin ya yi tari?"

"Ban taɓa ji ba."

Ya daɗe yana kallona. Sai na ƙara da abin da bai nema ba, na ce wallahi. Wannan kalma ita ce ta fi damuna har yau, don ba wanda ya tilasta mini ita.

Kaka ya je ya yi magana har muryarsa ta dushe. Ya ce shekara nawa mutumin nan yana sauka a gonarsa ba a taɓa ganin sharri ba. Wani ya ce ai dama ba zai ga laifin mai ba shi taki ba. Baba yana zaune a gefe, kansa a ƙasa. Ina tsaye bayan katanga tare da yara. Tsohuwar nan tana can gefen mata, saniyarta ta biyu ma ta tafi, tana faɗa wa duk mai saurare cewa Allah ya isa tsakaninta da Bafillacen nan. Taku goma ne tsakanina da tabarmar mai gari. Na ƙirga su a zuciyata, ban taka ko ɗaya ba.

Aka ba Baffa kwana biyu ya tashi.

Ka san abin da wannan ke nufi in ka taɓa kiwo. Labari ya riga shi zuwa rijiyoyin da ke kusa, har wajen Gamu, ba wanda zai bar shi ya sa wasaki. Sai kudu, tun lokaci bai yi ba, da maruƙan da hancinsu ke kumbure, waɗanda ke bukatar kwanciya da inuwa. Da safen da zai tafi ya biyo ta ƙofar gidanmu, kaya a kan takarkari, matarsa na biye ba ta kalli kowa ba. Na jira in ji tsiyar da suka saba. Ba su yi ba.

"Malam, mun tashi," in ji shi.

"Ka yafe mini. Ban iya riƙe maka ba."

"Ba kai ba ne. Allah ya tsare abin da ya rage muku."

Ya dafa kaina ya wuce. Daga baya wani mai raƙumi ya ce ya ga gawar maruƙa a kan burtalin kudu, ɗaya nan ɗaya can, masu tsaga a hanci. Baffa bai dawo kaka mai zuwa ba, bai dawo ta bayanta ba.

Ciwon ya lafa da zafi ya shigo. Mu ma mun rasa biyu daga cikin biyar ɗinmu, mutane suka ce ga shi, tun da aka kori mai shi abin ya yi sauƙi. Kaka bai yarda aka saki bijimin cikin shanu ba, ya ce sai gari ya wanke. Haka ya zauna a gindin aduwa, yana ci, ba ya ƙiba. Da yayata ta haihu aka rasa abin yankawa na taron suna ban da rago, Baba ya ce a yanka shi a huta. Mahauci ya buɗe ƙirji, ya sa hannu, sai ya tsaya. Huhun dama ya manne da haƙarƙari, sai da wuƙa ya ɓanɓare shi. A cikinsa akwai wani dunƙule kamar ƙwallon goruba, a rufe cikin fata mai kauri. Ya kira Kaka a hankali, ya ce tsohon ciwo ne, dabbar nan da shi ta zo.

Kaka ya dubi Baba. Baba ya ce, "Amma ai bai taɓa haɗuwa da kowa ba." Kaka ya juya wurin mahauci. Ya karɓi huhun ya naɗe a tsumma, ya waiwaya ya nemo ni cikin mutane, ya miƙo mini.

"Kai za ka binne shi. Ka yi rami mai zurfi."

Bai ƙara tambayata komai ba har ya rasu bayan shekara huɗu. Bai canza mini fuska ba, amma bai ƙara ba ni amanar dabba ba, ko ta kaza. Har yanzu ban san abin da ya sani ba. Wani lokaci ina zaton tun ranar zaure ya gane, yana jira ne in zo da ƙafata. Wani lokaci ina zaton Baba ma ya ji tarin, ya yi shiru irin nawa. Ban tambayi kowannensu ba, yanzu kuma babu wanda zan tambaya.

Yau abubuwa sun canza. An gina rijiya da siminti, akwai famfo, masu allura suna zagayowa kowace shekara. In ciwo ya ɓulla a kasuwar kudu, kafin dabbobin su iso an kira ɗana a waya an faɗa masa. Shanu suna nan suna hawa da damina suna gangarawa da rani, ciwon ma yana biye da su kamar da. Abin da bai canza ba shi ne, in saniya ta kwanta, tambayar farko ita ce wane baƙo ne ya sauka kusa. Ba a fara duba bayan gida ba.

Na nemi labarin Baffa wurin masu jajayen shanu sau da yawa. Wani ya ce ya rasu can ƙetare, wani ya ce 'ya'yansa sun bar kiwo, wani ya tambaye ni me nake nema da shi, yana kallona kamar ɗan sanda. Ba zan iya neman gafararsa ba. A ƙauyenmu kuwa har yanzu in tsofaffi na ƙirga shekaru, suna ce wa waccan shekara shekarar da Bafillace ya kawo ciwo. Juma'ar da ta wuce wani ya faɗi haka a ƙofar masallaci, jikokina biyu na zaune. Na ce masa ba haka ba ne, shanun mutumin nan lafiyarsu ƙalau. Ya ce ni da nake yaro a lokacin, ina na sani.

Na ce ni na ja igiyar.